Na Je Kotonou da Kujerar Ummi

Tun da na dawo daga Kotonou ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a teburin mai shayi, har a gona sai mutum ya jingine fartanya ya tako ya ce, "Sakatare, wai da gaske ba a hango ɗaya gefen teku?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma na lura kullum ina ƙara masa gishiri a inda ya yi mini daɗi, ina tsallake inda ya kamata in tsaya. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, da daɗinsa da abin kunyarsa, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda in koma kan gyaɗata.

Ga wanda bai san mu ba, ƙauyuka bakwai ne mu a gefen Makoɗa, gona na taɓa gona, ba ka gane ka shiga wani gari sai ka ga limami ya canza. Muna da ƙungiyar manoma, ni ne sakatarenta tun da na ajiye alli bayan shekara talatin ina koyar da lissafi a firamare. 'Yan shekarun baya ƙungiyar ta kafa wani dogon ƙarfe a bayan siton hatsi, shi ke raba wa ƙauyukan intanet. Mai kula da shi 'yata ce ta fari. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Ummi muke ce mata. Ita ta yi karatun kwamfuta a Kano, kuma ita ake buga wa ƙofa in sabis ya ɗauke.

Ita ce ta fahimtar da ni matsalarmu. Duk na'urar da za ta shiga intanet sai da adireshi, wato lambar da ake gane ta da ita. Tsohon tsarin adireshin an yi shi tun kafin kowa ya mallaki waya, ga shi ya ƙare. Mu da muka zo a makare guda ɗaya tal muka samu, duk ƙauyukan bakwai ta cikinsa muke fita duniya, kamar babban gida mai zaure ɗaya. Da lokacin rajistar jarrabawa ya zo, yaranmu suka yi ta shiga shafi ɗaya. Shafin ya ga kamar mutum ɗaya ne yake ta cika takarda da sunaye iri-iri, ya ɗauke mu ɗan damfara, ya rufe mu ruf. Iyaye suka yi cincirindo a ƙofar gidana. Ni suna gaishe ni da ladabi, Ummi kuma ta sha baƙar magana har ta daina fita da rana.

Ana cikin haka sai ga wasiƙa daga wasu masu tallafa wa ƙananan masu raba intanet irinmu. Suna kiran horo na kwana biyar a Kotonou kan sabon tsarin adireshi, wanda suke kira IPv6. Wanda ya ci gwajin ranar ƙarshe za a yanka wa ƙungiyarsa nata yankin adireshin, a haɗa mata da sabuwar na'urar rabawa. Wanda ya faɗi kuwa ya koma gida yadda ya zo.

Na karanta wasiƙar a gaban kwamiti. Mu a wurinmu komai karɓa-karɓa ne, ko taki ne, ko injin ban-ruwa, ko kujerar taro, gari-gari ake bi, kuma layin garinmu ne. Shugabanmu Alhaji Garba ya gyara zama ya ce, "To ai magana ta ƙare. Wa ke gare ku da ya fi Sakatare Turanci?" Duk wanda ke ɗakin nan ya san wadda ta dace ta je. Amma mutum ba ya buɗe baki a gaban dattawa ya ce a ɗauki 'yarsa ta fari. Na jira wani ya faɗa, wani ya jira ni, aka shafa fatiha. Wannan ita ce hujjar da nake bayarwa a majalisa. Wadda ban cika faɗa ba ita ce shekarata sittin ba biyu, ban taɓa wuce Zariya ba, kuma raina yana son ganin teku.

Ummi ta hau yi mini shiri. Ta shirya mini kwamfutarta, ta nuna mini inda ake kunnawa da inda ake kashewa, ta maƙale katin rigakafi a cikin fasfona, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Baba." Mahaifiyarta kuwa ta ɗauka ƙasar da zan je ba a girki, ta cika mini jaka da dambun nama, da ƙuli-ƙuli, da yaji, da gwangwanin daddawa guda.

Daga gida acaɓa zuwa Makoɗa, daga nan bas zuwa Kano, sai babbar mota zuwa Legas. Allah ya haɗa ni kujera da wani dillalin raguna mutumin Minjibir, Ɗan'azumi, wanda ya ce ya fi shekara ashirin yana tsallaka iyakar nan. Ba mu kai Kwanar Dangora ba ya tambaye ni sana'ar da za ta kai ni Kotonou.

Na ce, "Adireshi zan je in karɓo."

"Na wa?"

"Na gari."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Malam, a waya aka kira ka aka ce ka zo? Don akwai wani ƙanin matata, shi ma haka aka kira shi." Na yi ta ƙoƙarin yi masa bayani, sai na tarar ni ma iyakar abin da na sani ke nan, na buɗe dambu muka ci. Tun daga nan ya ɗauke ni amana, ko fitsari zan sauka sai ya ce wa direba a jira Malam.

Legas ruwan sama muka tarar, da mutane kowa yana sauri kamar an ce gidansa ya kama da wuta. Abin da ya fara ba ni haushi rashin gaisuwa. A tasha na tsayar da wani bawan Allah don in tambayi motar Seme, garin bakin iyaka, na fara yadda aka saba, ina tambayarsa gida da iyali da gajiya. Kafin in kai kan yara ya dafe aljihunsa ya ja da baya. Ɗan'azumi ya ja hannuna ya ce, "Malam, nan in ka gaida mutum ya wuce kalma biyu, sun san abin da zai biyo baya."

A bakin iyaka takarduna lafiya lau, albarkacin Ummi. Jakata ce ta tona mini asiri. Wani jami'i ya ɗaga gwangwanin daddawa, ya girgiza, ya tambaye ni da Faransanci, na amsa masa da Turanci, ba wanda ya ji wani. Kafin Ɗan'azumi ya sa baki ya ɓalle murfin, a ɗakin da ba taga, bayan gwangwanin ya kwana ya wuni a cikin zafin mota. Layi ya watse. Wani Bature da ke bayana ya fita waje yana tari. Na riga na fara tunanin yadda za a ce a gida an kama Sakatare da sinadari, sai wata jami'a ta matso ta shinshina, ta fashe da dariya. Ashe su ma suna da ita, da wani sunan. Ta lakata ta ɗanɗana, ta ce wa Ɗan'azumi ya gaya mini ta kakarta ta fi wannan ƙarfi. Na ji haushin wannan magana fiye da binciken, amma na haɗiye. Nan muka rabu da Ɗan'azumi, yana ta jaddada mini kada in sa hannu a kowace takarda.

Kotonou garin babura ne. 'Yan acaɓarsu duk riga rawaya, kuma ba ka hawa sai da hular kwano. Na ce ni da hulata, ɗan acaɓa ya ce a'a, haka na shiga gari da kwano a ka, zannata a hammata. Mata suna tuƙa nasu baburan da goyo a baya, ba mai juyowa ya kalle su sai ni. Fetur a manyan kwalabe suke jera shi bakin titi, da farko na ɗauka zuma ce. Da rana ta take kuma sai ka ga shaguna da yawa an rufe, wai an tafi hutu. Na fara yi musu tsegumin lalaci a raina, sai na tuna mu ma abin da muke yi ke nan a gindin darbejiya, sai dai mu ba ma rubutawa a ƙofa.

Masauki gida ne mai hawa huɗu, makullin ɗaki kati ne. An haɗa ni da wani saurayi ɗan Ghana, Kwaku, mai waya uku da fara'a. Banɗaki fes, tawul fari, sabulu iri biyu, amma duk ginin nan babu buta ko ɗaya. Na yanke gorar ruwa na rufa wa kaina asiri. Kwana biyu ina sallah ina fuskantar taga, don raina ya ba ni can ne gabas. A rana ta uku Kwaku, wanda coci yake zuwa, ya ce, "Papa, abokaina Musulmi ba nan suke kallo ba," ya buɗe wayarsa ya nuna mini alƙibla tana wajen durowar kaya. Ashe wajen teku nake ta fuskanta. Na yi masa godiya, na roƙe shi kada maganar ta fita daga ɗakin.

Abinci kuwa, da safe burodi ne dogo kamar sandar makiyayi, mai yanka dasashi, da kofi a ɗan kofin da bai kai kurɓa uku ba. Da rana wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye, sanyi ƙalau, da kifi. Na fito da yajina a ɓoye ina barbaɗawa. Kafin kwana uku teburinmu ya zama layi, har da wani ɗan Senegal da yake zuba shi a kan abarba.

Mu kusan talatin ne a aji, ni kaɗai ke da furfura. Mai koyar da mu Malama Aisatu ce, 'yar Garwa ta Kamaru, tana juya Faransanci da Turanci yadda ta ga dama, ashe har Hausa tana ji, ban sani ba sai daga baya. Ta rubuta tsohon adireshi a allo, lambobi kashi huɗu da ɗigo a tsakani. Na gyaɗa kai, wannan ai lissafi ne. Sai ta rubuta sabon a ƙasansa, kashi takwas, ya kusa fita daga allon, lambobi cakuɗe da haruffa. Wai a wannan ƙidayar in ka wuce tara ba goma ce ke biye ba, a ce, sai b, har zuwa f. Shekara talatin ina jan kunnen yara kan haɗa lamba da harafi, ga shi an tara manya a ɗaki mai sanyi ana yi da gangan.

Ta ce sabon tsarin yana da yawan da kowace waya, kowace kwamfuta, har famfon ban-ruwa za su samu nasu adireshin, kuma ba zai ƙare ba. Na ɗaga hannu na ce, "Malama, shi na farkon da aka yi, ba haka aka ce ba?" Aji ya kwashe da dariya, ita ma ta yi, ta ce lallai waɗanda suka yi shi ba su zaci zai ƙare ba. Daga wannan tambaya aka ɗauke ni mai zurfin tunani. Don kada in ɓata wannan suna, ban sake buɗe baki ba.

Dabarata mai sauƙi ce. Duk abin da aka rubuta a allo in ɗauki hotonsa, da an fita hutu in tura wa Ummi, ita kuma ta turo mini bayani da murya, a hankali, yadda nake yi wa 'yan aji biyu. Ba ta taɓa jinkiri ba. A rana ta uku aka ba mu aiki, kowa ya tsara yadda zai raba yankin adireshinsa. Ummi ta zana a takardar littafin makaranta ta turo. Kowane ƙauye da rabonsa, ɗakin shan magani da nasa, firamare da nata, har ta bar fili saboda garuruwan da za su shigo nan gaba. Na kwafe tsaf da hannuna mai kyau. Washegari Malama ta haska shi a bango ta ce duk ajin ba wanda ya kai shi. Aka tafa. Na miƙe na ɗan rusuna. Kwaku ya fara kirana Furofesa. Allah ya yafe mini, na ji daɗi har cikin raina.

Da yammacin ranar na je na ga teku. Gaskiya ne, ba a hango ɗaya gefen. Na tsaya ina lissafin duk ruwan nan ba zai shayar da ko kwamin albasa ɗaya ba, sai igiyar ruwa ta zo ta tafi da takalmina na hagu. Na koma masauki da ɗingishi, kuma abin mamaki raina ba daɗi. Na ga abin da na zo gani, gobe kuma gwaji.

Da safe aka zagayo da kwando aka ce kowa ya saka wayarsa. Na saka tawa. Aka ajiye wa kowa na'ura a gabansa, aka ce ya saita ta da sabon adireshi, wayoyin gwaji biyu su yi magana ta cikinta. Na kunna kwamfuta, wannan kam na iya. Baƙin allo ya fito da wani ɗan ɗigo yana ƙifta mini ido, ni ma ina ƙifta masa. Ta ko'ina sai ƙarar maɓallai kake ji. Gumi ya jiƙa mini riga a ɗakin da kullum nake kukan sanyinsa, na tuna iyayen nan a ƙofar gidana, na tuna wadda za su sake zagi.

Malama Aisatu ta zo ta ja kujera kusa da ni. Ta sassauta murya ta ce da Hausa, "Baba, wa ya zana tsarin nan na shekaranjiya?"

Jin Hausa a bakinta ya sa na daina ɓoye-ɓoye. Na ce, "'Yata ce. Ita ke kula da ƙarfen. Ni sakatare ne kawai."

"Na sani tun ranar. Wanda ya zana wancan ba ya neman harafi da yatsa ɗaya. Me ya hana ta zuwa?"

Na fara yi mata bayanin karɓa-karɓa, da cewa kujera ɗaya ce. Ta katse ni.

"Ɗaya kuma? Ai mun rubuta a bayan wasiƙar, duk ƙungiyar da ta turo mace kujera biyu gare ta. Da ku biyu kuka zo."

Wasiƙar tana aljihuna. Na ciro ta na juya. Ga rubutu nan layi huɗu, baƙi ƙirin. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta tashi ta je ta yi magana da shugabannin taron, ta dawo da wayata ta ce in kira Ummi ta bidiyo. Ummi ta ɗauka tana cikin siton hatsi, ana jin ruwan sama a kan kwano. Malama ta buɗe mata hanya ta intanet, Ummi ta shigo na'urar da ke gabana tun daga ƙauyenmu. Ina zaune hannuna a cinya, rubutu yana fitowa a allon da kansa, layi bayan layi. 'Yan ajin da suka gama suka zagaye ni. Da wayoyin biyu suka haɗu, Malama ta tambaye ta da Turanci, yanzu da kowace na'ura ta samu ƙofarta, wa zai hana ɓarawo shiga? Ummi ta ce ta duba layi na tara, ta riga ta sa katanga. Malama ta duba, ta jinjina kai. Tafin da aka yi a wannan karon ban miƙe ba.

Aka ba ƙungiyarmu yankinta da na'urarta. Takardar shaida kuwa an riga an buga ta da sunana, kuma dokarsu sai wanda ya halarta. Na roƙa, na bi wannan na bi wancan, na ce a goge nawa a sa nata. Suka ba ni haƙuri cikin harsuna biyu. Malama ta karɓi lambar Ummi ta ce in an sake shirya wani horon za ta neme ta, amma ba ta san yaushe ba.

Dawowa ba abin labari. Jaka ta yi sauƙi, ni na yi nauyi. Na tarar Alhaji Garba ya tara kwamiti a ƙofar sito, ana ta "Sannu da zuwa, Injiniya!" Na tsaya a gabansu na faɗi gaskiya tun daga kwafar zane har kwandon waya. Alhaji Garba ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Kai Sakatare, kawaicinka ya yi yawa! Mutum ya ciyo gwaji a ƙasar waje ya ce 'yarsa ce." Suka karɓi takardar suka ce za a sa mata gilashi a rataye a ofis. Na rantse, suka ce ai rantsuwar ma ta kawaici ce.

Cikin kwana biyu Ummi ta haɗa sabuwar na'urar. Ta ce tsohon adireshi da sabon za su yi ta tafiya tare, don ba kowane shafi ne ya koyi sabon ba tukuna. Yaran da suka zo gwadawa sun shiga lafiya, iyayensu suka biyo ni gida da godiya, wata har da ƙwan zabi.

A rana ta uku bayan la'asar na same ta ita kaɗai a gindin ƙarfen tana naɗe waya. Na daɗe ina kame-kame, ina tambayarta batir da hasken rana, sannan na ciro wasiƙar na juya bayanta na miƙa mata.

"Ummi, kin san da wannan rubutun?"

Ko karɓa ba ta yi ba. Ta ce, "Na sani, Baba. Ai ni na fitar da ita daga kwamfuta."

"To me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ci gaba da naɗe wayar a gwiwar hannunta, idonta a ƙasa.

"Kai ka karanta ta a gaban mutane, Baba. Na ɗauka ka gani, ba ka so in je ne."

Kwana biyar tana amsa mini saƙo a kan kari, tana yi mini bayani a hankali don kada in ji kunya a gaban baƙi, alhali a ranta ubanta ya ga kujerarta ya naɗe takarda ya sa aljihu. Na ce mata wallahi ban gani ba. Na sake faɗa.

Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "To, Baba." Sannan ta sunkuya ta ci gaba da aikinta.